Ranar da Yaya Sale Ya Kafe Zanen Jirgi da Ƙusa

Daminar bana ta cika shekara goma sha ɗaya da rasuwar yayana, Sale kafinta. Har yau in hadari ya haɗo daga gabas, kowa na rige-rigen kwashe shanya, ni sai na tsaya na yi dariya tukuna. 'Ya'yana sun gaji da tambayata dalili, shi ya sa na ce bari in rubuta, kowa ya huta.

A yankinmu na Randagi an san Yaya da rufin kwano. In ya buga maka rufi, to kai da iska kun rabu. Wata shekara aiki ya kai shi Yawuri, ya dawo da wani sabon hauka. Wai ya ga masunta sun ɗinke buhuna sun ɗaga a jikin dogon itace, iska na tura musu jirgi, ba fetur ba tuƙi. Nan da nan ya haɗa kwale-kwale a bayan gida, ya zube mini buhunan taki, tunda ni ce mai keken ɗinki. Na ɗinka ina mita, muka sa wa abin suna zanen jirgi. Mutanen gari kuwa suka samu abin hira a bakin masallaci.

Ana cikin haka, a tsakiyar damina, aka aiko cewa Iya Dije, yayar mahaifiyarmu, tana kwance rai a hannun Allah a ƙauyensu da ke can saman kogi. Inna ta taɓa karyewa a ƙugu, ba ta iya zaman babur, mota kuma ba ta shiga wannan laka. Shekara shida ba su sa juna a ido ba. Inna ta juya fuskarta bango tana hawaye. Yaya ya ce iskar damina daga kudu take busowa, ita za ta tura mu sama, kafin azahar mun isa. Na ce masa ba da uwata za a yi gwaji ba. Inna ta ce in nemo mata mayafinta.

Wannan safiya ba ta fita raina! Mun shimfiɗa wa Inna katifa a tsakiyar jirgi, maƙwabcinmu Malam Yohanna, malamin firamare, ya riƙe ƙwaryar kwarfe ruwa, shi da ko iyo bai iya ba. Iska ta cika buhunan nan, tambarin taki ya miƙe ɓaro-ɓaro, sai ga mu muna haurawa, ruwa na gangarowa mu muna ƙin bin sa. Mata masu wanki a bakin kogi suka saki guɗa. Manoma suka ajiye fartanya suna ɗaga mana hannu. Yaya ya gyara zama a bayan jirgi kamar shi ya ƙirƙiro iskar, ni kuma mai mitar jiya na fi kowa ihu.

Ba mu yi nisa ba jirgi ya fara yoyo ta gefen hagu. Muka raɓa bakin gaɓa, Yaya ya hura wuta ya narka kwalta a gwangwani, muka cusa tsumma ya liƙe. Da muka gama sai iskar ta ɗauke ɗif. Muka zauna a inuwa muna kallon ganye ko zai motsa, har la'asar ta kawo jiki. Tana dawowa muka tashi da murna, ba wanda ya kula cewa gabas ta yi baƙi ƙirin.

Guguwar farko ta daki zanen, jirgi ya karkata har ruwa ya fara shigowa. Malam Yohanna ya ce, "Sale, sauke zanen nan!" Yaya ya ce, "Ba ya sauka, Malam, na kafe shi!" Ashe mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana hana iska ɗauke rufi, ƙusa ya bi ya jera wa zanen daga sama har ƙasa, kamar kwano. Ko a mafarki bai kawo cewa akwai abin da ake ɗaurawa don a kwance ba. Almakashina na ƙugu, na rarrafa na kama ɗinkin da na yi sati ina yi, na tsage shi biyu. Iska ta wuce ta tsakiya, jirgi ya miƙe, muka tura da gora har gaɓa. Inna ta jiƙe sharkaf.

Wata ruga ce kusa da wurin, suka karɓe mu hannu bibbiyu. Kwana biyu ruwa na zuba, kogi ya cika yana tafe da itatuwa, ba halin shiga. A nan na ji tsoro na gaske. Inna ta daina cin abinci, ta kafa wa kogi ido, kowa ya san lissafin da take yi. Yaya kuwa sai sake liƙe jirgi yake yi a inda ya riga ya liƙe.

Dattijuwar rugar, Jumma, ita ta je ta duba ƙusoshin nan ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Kai ɗana, mu ko ɗan maraƙi ba ma ɗaure shi yadda ba zai kwantu ba." Ta ɗauko igiya ta nuna masa ƙullin da suke yi lokacin tatsa, wanda ja ɗaya ke warware shi. Babban kafinta ya durƙusa gabanta yana koyo, ya ɓata ta warware, har ya iya. Ya zare ƙusoshin da bayan guduma, ni kuma na haɗe zanen da basilla har yatsuna suka yi kanta. Rana ta uku gari ya washe. Sau biyu iska ta yi mana barazana a hanya, sau biyu Yaya ya ja igiya zanen ya zube, mu kuma muka kaure da shewa kamar yara.

Nakan so a ce ya ga yau. Jikana na duba waya ya gaya mini ko za a yi ruwa gobe. Na san Yaya zai karɓi wayar ya tambaye ta daga ina iska za ta ɓullo, sannan ya yi mata gardama. Abin da zai sosa masa rai shi ne shekarun da tsoron ɓarayin daji ya hana mu bin wannan kogi, har rugar su Jumma ta tashi, ban san inda suka nufa ba. Amma na tabbata da zarar ya ji an fara komawa gona, zai zube mini buhuna a ƙofar ɗaki.

Mun isa da hantsi, Yaya ya goyi Inna daga bakin ruwa har ɗakin. Iya Dije na nan da ranta. Idonta ya tafi, sai ta lalubi fuskar ƙanwarta ta ce, "Hansatu, ke dai ba ki taɓa zuwa da wuri ba." Suka kama juna suna kuka suna dariya. Kwana tara suka yi a gado ɗaya kafin Allah ya karɓi abinsa.

Jirgin ya daɗe da ruɓewa a bayan gida, rufin da ya buga ma yawanci an sauya. Abin da na riƙe na Yaya shi ne Inna ta rayu shekara huɗu bayan nan, ban taɓa jin ta ambaci yayarta da nadama ba. In an yi zancen sai ta ce, "Ai da hannuna na yi mata wanka, Sale ne ya kai ni." Allah ya ji ƙan ka, Yaya, ya haɗa ka da su a inda babu jiran iska.