Mutumin da Ya Shafe Ruwa da Fenti

Buroshi ake ce masa, don shekara talatin yana fenti, kuma a cikin talatin ɗin ba a taɓa jin ya ce bai san wani abu ba. Ka kawo masa ciwon ƙoda ma zai rubuta maka magani. Gidansa ɗaki biyu ne a ƙasan gangare, inda ruwan unguwa uku ke haɗuwa. Da hannunsa ya gina shi, bulo bayan bulo, kuma duk duniya ba shi da abin da ya kai gidan nan.

Kasuwarsa bayan damina take ci. Ruwa ya shiga gidaje, ya janye, ya bar layin laka a bango, wani iya gwiwa, wani iya ƙugu. Sai masu gidajen haya su kira shi ya shafe, don sabon ɗan haya ya ga bango fes ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Wai har alfahari yake yi.

"Ni in na bi bango," in ji shi, "ko ruwan da kansa ba zai gane ya taɓa zuwa ba."

Wata shekara aka ce ma'aikata za su zo zana taswirar ambaliya. Za su auna alamar ruwa a bangaye, inda ya yi tsanani su sa ja a takarda, inda babu matsala su sa kore. Dillalin gidaje ne ya kawo labarin, ya zuba masa gishiri son ransa.

"Ja fa rusau ke nan," ya ce. "Katafila za ta zo ta kwashe ku kamar shara."

Buroshi ya koma gida ya hau haɗa fenti. Matarsa, wadda ta fi shi hankali nesa ba kusa ba, ta ce, "Baban yara, ka je ofishin ka ji mana. Matambayi ba ya ɓata."

"Ni zan tambaya? Na san kala tun kafin a haifi masu ofishin."

Kwana tara ya yi yana shafe layin laka gida-gida, kyauta, shi da ko ƙofar makewayi bai taɓa shafa wa wani don Allah ba. Maƙwabta na sa masa albarka, shi kuma yana hura hanci.

Injiniyar da ta zo yarinya ce mai haƙuri, da abin awo a hannu. Ta bi bangaye ba ta ga komai ba sai ƙyalli.

"Baba, ruwa na shigo muku nan?"

"Ruwa? 'Yata, mu nan ko raɓa sai mun roƙa."

Ta leƙa ɗaki ta ga gado a ɗore kan bulo uku-uku. "To gadon fa, me ya kai shi sama haka?"

"Ciwon baya," ya ce, ko ƙifta ido bai yi ba.

Ba ta gamsu ba. Amma takardarta ba ta da gurbin rubuta zargi, sai ta rubuta abin da bango ya faɗa.

Taswira ta fito, layinsu kore shar. Buroshi ya yi sati yana ba da labarin yadda ya yi wa masu digiri wayo. Katafilar kuwa ta zo, amma ba don rusau ba. Ashe ja na nufin a haƙa wa unguwa babbar magudana. Aka haƙa wa unguwannin sama, aka juyo bakinta gangare, wajen mutanen da suka rantse ko raɓa ba sa gani.

Ruwan farko mai ƙarfi da la'asar ya sauko. Kafin awa biyu Buroshi da iyalinsa suna saman benen maƙwabci, suna kallo bangon ɗakinsu ya durƙusa, na biyun ya bi shi. Ni dai na so in ji tausayinsa, amma gidaje goma sha ɗaya ne suka tafi tare da nasa.

Bayan kwana uku injiniyar ta dawo gyara taswira. Ta tarar da shi zaune kan tarin bulo, yana tsintar kwanon rufi.

"Sannu, Baba. Allah ya mayar da alheri." Ta warware abin awonta, ta duba hagu, ta duba dama. "Ina neman inda ruwan ya tsaya ne, amma ban ga bangon da zan auna ba."

Buroshi ya miƙe a hankali. Ya tsaya a inda ƙofarsa take a da, ya ɗora hannu a maƙogwaronsa.

"Auna a nan, 'yata."