Ranar da Aka Kawo wa Muntaka Babur ɗin Abbas

Muntaka mai gyaran babur mutumin Gangara ne, a ƙasar Sabon Birni. Ubansa manomin gero ne, amma shi tun yana saurayi ya jingine kalme ya tafi Isa ya koyi gyara, ya dawo ya kafa rumfa a bakin hanya, gindin wata tsohuwar tsamiya. Ba mai yawan magana ba ne, sai fa in an taɓo zancen batir. Yakan ce batir kamar jaki yake. In kana duba ruwansa, kana goge farin tsatsan da ke taruwa a kawunansa, ya kai ka shekara biyu har da ɗoriya. In kuwa ka bar shi ga zafin bazara, kafin damina ta zagayo ya mutu.

Cikin masu yawan zama a rumfar akwai Abbas, ƙanin matarsa Surayya, ɗan kabu-kabu mai kai 'yan kasuwa Burkusuma. Da aka haifa wa Abbas 'ya mace, sai ya sa aka buga masa sunanta, Sadiƙa, a wata doguwar sitika rawaya, kuma Muntaka ne ya manna masa ita a jikin jan tankin babur ɗinsa. Ya sha gaya masa batirinsa ya tsufa, Abbas sai ya yi dariya ya ce ƙafarsa ba ta gaji da buga kik ba.

Ran wata kasuwa Abbas ya fita bai dawo ba. Aka ce 'yan bindiga sun tare hanya, sun kora mutane daji. Wasu suka ce sun ga gawawwaki, wasu suka ce ƙarya ne. Surayya ta daina cin abinci, ta koma sai ruwan fura.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi, Muntaka na tsugune yana liƙin taya, sai mutum uku suka tsaya a kansa kan babura biyu. Bai san fuskar ko ɗaya ba. Masu zaman hira a gindin tsamiya suka zame ɗaya bayan ɗaya, har mai sayar da fetur a kwalba ya bar teburinsa. Da dogon cikinsu ya sauko, rigarsa ta ɗage, Muntaka ya ga bakin bindiga. Sannan idonsa ya faɗa kan jan tanki, ga sunan Sadiƙa raɗau.

Dogon ya ce, "Mai gyara, batir muka so sabo, wanga ba ya tashi da maɓalli. Kuma ka hidda muna wagga takarda. Kak ka ɓata hwenti."

Muntaka ya ce to.

Ya fara da batir. Aikin da yake yi ido rufe, yau sifana ta ƙi zama a hannunsa, ta faɗi ƙasa, ya ɗauka, ta sake faɗuwa. Ya kwance waya, ya zaro tsohon batirin da ya kumbura, ya sa sabo, ya ɗaure. Da ya danna maɓalli babur ya tashi, ƙarar ta sa shi kansa ya zabura.

Saura sitika. Reza za ta fi sauri, amma tana iya karce fenti, kuma bai san abin da karce ɗaya zai jawo masa ba. Rana ta riga ta gasa tankin, gam ya yi laushi, sai ya sa farce ya ɗaga gefe yana ja a hankali. Sunan yarinyar ya rinƙa naɗewa a yatsunsa harafi bayan harafi. Ragowar gam ɗin da ya manne ya jiƙa tsumma da kananzir yana murzawa, gumi na ɗiga daga haɓarsa kan tankin.

Dogon ya sunkuyo dab da kunnensa ya ce, "Ka san mai shi?"

Muntaka ya ci gaba da murzar tankin. In ya ce i, wataƙila su tafi da shi. In ya ce a'a, wataƙila sun san ƙarya yake yi. Ya ce, "Ranka shi daɗe, babura yawa gare su."

Mutumin ya kece da dariya. "Kai dai matsoraci na. Ai shi yat turo mu. Ya ce duk Gangara babu wanda ya kai mijin yayatai sanin batir."

Suka hau suka yi gabas. Sai da ƙarar ta ɓace sannan maganar ta zauna wa Muntaka: wanda ya yi aike yana da rai. Ya ruga gida ko takalmi babu, ya gaya wa Surayya, ta faɗi ta yi sujada a tsakar gida.

Amma mutane sun ga an yi dariya a rumfarsa. Kafin la'asar magana ta zaga gari cewa Muntaka ke yi wa mutanen daji gyara, 'yan sa-kai suka fara tambayar gidansa. Liman ya tsaya masa, ya rantse a kan halinsa, sannan ya ja shi gefe ya ce, "Muntaka, bakin mutane ya hi bindiga nisa. Ka ɗan gusa." Ya ce, "Za ni Isa, Malam." Ya ɗaure kayan aikinsa a buhu, ya kwashi iyalinsa, ya bar gonar ubansa gero na fitar da kai.

Abbas ya dawo bayan kaka, bayan dangi sun rabu da shanun huɗarsu sun biya kuɗin fansa. Ya rame har ba a gane shi. Ya bi Muntaka Isa ya durƙusa yana kuka, ya ce da gangan ya ambata wa 'yan bindigar sunan Muntaka, don babu wata hanyar da gida za su san bai mutu ba. Muntaka ya ɗaga shi ya ce babu komai.

Har yanzu yana gyara a Isa, a wani lungu bayan tasha inda ba a hango shi daga titi. Surayya ta ce tun da suka zo bai taɓa cin tuwo a zaune ba. A tsaye yake ci, fuskarsa na kallon ƙofa.