Hayaƙin da Na So Binnewa a Rijiya

'Yata ce ke riƙe da biro, ni nake faɗa, don ban yi boko ba. In ta ga na tsaya ina share ido sai ta jira ni. Har yau ban iya ambaton Malam, maigidana, da busasshen ido ba.

Malam direba ne a wata ma'aikatar tarayya. Lokacin soja sun koma bariki, kuɗin mai ya shigo, kullum a Abuja ana tada gini ana taro a otal. Mu muna Jikwoyi, ɗaki biyu da tsakar gida, ina toya waina da itace dab da tagar ɗakinmu. Shi kuma yana da ciwon ƙirji, likita ya ce hayaƙi ke tayar masa. 'Yata ta sayo mini ƙaramar tukunyar gas. Na ce ba zan kwana da bam a gida ba, kuma wainar gas ba ta ƙamshi. Sai na tura tukunyar ƙarƙashin gadonmu, wato dai na kwana da ita shekara biyu.

Wata rana ya kai ogansa taro. Aka sa shi ya shigar da takardu, ya ji sanyin ɗakin, ya maƙale a kujerar baya har aka tashi. Ya dawo gida da takarda mai hoto.

"Hajiya, kin san a ƙasar waje an fara binne hayaƙi?"

"Da likkafani ko babu?" na ce.

Bai kula ni ba. Ya zauna ya yi mini bayani kamar shi ya kira taron. Ya ce a cikin hayaƙin masana'antu akwai wata iska da ido ba ya gani, ita ke ƙara wa duniya zafi. Ana tace ta, a bi da ita ta bututu zuwa teku, a tura ta can ƙasan ruwa, cikin wani dutse mai ƙofofi kamar soso. A samansa akwai wani dutsen mai tauri da ke zama murfi, ba ta sake fitowa.

Na yi masa dariya, amma da ya fita masallaci na ɗauki takardar. Rubutu bai san ni ba, hoto kuwa ina ganinsa sarai. Ga masana'anta, ga bututu, ga kibiya tana nuna ƙasa. A tsakiya akwai wani ɗan akwati, na ce wannan ɗakin maigadi ne, ba na bukatarsa.

Ba mu da teku a Jikwoyi, amma muna da rijiya. An haƙa ta aka ci karo da dutse, babu ruwa, aka bar ta. Na ce ga rami, ga dutse, me ya rage? Zan ci gaba da itacena, Malam kuma ya huta da tari.

Da suka yi tafiyar kwana uku da oga, na je wurin mai walda ya yanka mini rabin duro ya jona masa dogon bututun kwano. Na kifa duron a saman murhu, na zura bututun cikin rijiya, na rufe bakinta da kwano, na liƙe da laka, na ɗora dutsen niƙan mahaifiyata a kai. Maƙwabciyata Maman 'yan biyu, 'yar Filato ce mai sayar da kayan miya, ta leƙo ta katanga.

"Mama, wannan menene kana yi?"

"Aikin gwamnati ne, ba za ki gane ba."

"To, in gwamnati ya kama wuta, ka kira ni."

Malam ya dawo da yamma a gajiye, na lulluɓe kayan da tabarma don in ba shi mamaki. Washegari bayan sallar asuba ya koma ya kwanta, ni kuma na hura wuta. Hayaƙi ya shiga duron ya yi ɗan jim, har na fara murmushi. Sai ya dawo gaba ɗaya ta ƙasa, ya cika tsakar gida, ya bi taga ya shiga ɗaki. Na yi ta fifita shi da faifai ina nuna masa hanyar bututu.

Tarin da na ji daga ɗaki ba irin wanda na saba ji ba ne. Na same shi durƙushe a bakin gado, yana jan numfashi ba ya shiga. Maman 'yan biyu ta watsa wa murhun ruwa, mijinta ya ɗauke mu a motarsa zuwa asibiti.

Kwana biyu yana da roba a hanci. Da ya iya magana ya ce, "Wai me kika haɗa a tsakar gidan nan?"

Takardar na ƙulle a bakin zanena. Na buɗe masa ina kuka. Ya duba, ya ɗora yatsa a kan ɗan akwatin.

"Wannan fa, ina naki?"

"Ɗakin maigadi? Ai ina wurin da kaina."

"Injin ke nan, Hajiya. Shi ke matse iskar har ta zama kamar ruwa, ya tura ta ƙasa da ƙarfi. Hayaƙi sama yake so, ba ya bin kibiya."

Ya kama dariya har robar ta zame, nas ta zo ta yi mana faɗa mu duka. Bai taɓa ce mini ni na kwantar da shi ba, ko sau ɗaya. Sai dai daga ranar in baƙi suka zo yakan ce, "Ku gaisa da injiniya."

Kafin a sallame shi na jawo tukunyar gas daga ƙarƙashin gado. Maman 'yan biyu ce ta koya mini kunnawa, ina tsaye nesa da tukunyar ina salati. Wainar ta fito daidai, ko mutum ɗaya cikin masu saye bai ce ta canza ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Damina uku ya ƙara a duniya, ƙirjin ne kuma ya tafi da shi. Likita ya ce ciwon ya daɗe, ba aikin safiya ɗaya ba ne. Na yarda kwana ne ya ƙare, amma shekara biyun nan da na yi ina hura itace a gindin tagarsa, ga gas a ƙarƙashin gado, ba sa barina.

An cire duron da bututun, dutsen niƙan kuwa yana nan a bakin rijiya. 'Yata ta ce babu komai a ciki, a cike ramin a yi ɗaki. Na san babu. Na ce ta bari sai bayan raina.