Tifa a Ƙofar Lambun Baba Direba

Mutanen layin ba sa kiran abin da ke bayan gidan Baba Direba lambu. Daji suke ce masa, wasu su ce gidan macizai, alhali ba wanda ya taɓa ganin ko saɓar maciji a wurin. Amma ka san halin mutane: duk tsiron da ba a sayo a cikin baƙar leda ba, a wurinsu ciyawa ne.

Tsohon nan ƙuruciyarsa duk a kan sitiyari ta ƙare. Doguwar bas ya ja, gari zuwa gari, har bayansa ya ranƙwafa. Yana da wata ɗabi'a da ta sha jawo masa zagi. In ya hango fure a gefen hanya, sai ya taka birki ya ce zai duba taya. Ya sauka da guntun ƙarfe da tsohon gwangwanin madara, ya tono tsiron da ƙasarsa, ya tura ƙarƙashin kujera. Fasinja su yi ta tsaki, shi ko a jikinsa.

Bai san sunayensu na littafi ba, bai kuma nema ba. Kowanne ya laƙaba masa sunan inda ya samo shi. Akwai Na-Gindin-Gada mai fure shuɗi, akwai Na-Kwanar-Mutuwa mai ja kamar garwashi, akwai wani ɗan rawaya da ake kira Inda-Birki-Ya-Tsinke. Wuraren nan yau duk kwalta da shaguna sun cinye su. Abin da ya rage na waɗannan hanyoyi yana bayan gidansa.

Dokarsa biyu ce. Ba ya ba su ruwa, don a cewarsa ba wanda yake bin su da bokiti a daji. Ba ya kuma cire tsiro sai ya ga furensa. Saboda haka da rani wurin abin kunya ne, karare busassu kawai. Amma bari ruwan farko ya sauka! Kafin ka ankara ƙasa ta tsage, launi ya ɓarke ko'ina. Ƙudan zuma su cika wurin da gunji, malam-buɗe-littafi su yi ta shawagi, tsuntsaye su zo rigima a kan 'ya'yan ciyawa. Akwai hawainiya mai tafiyar ƙasaita, da wata bushiya da ke haihuwa kowace shekara a ƙarƙashin tsohuwar tayar bas.

Ana nan sai babban ɗansa, mai shagon waya, ya sayi mota. Yaron kirki ne, shi ke ɗauke da gidan tun rasuwar mahaifiyarsa, amma motar nan ta shiga ransa. Rana tana dukanta a titi, yara suna zane a jikinta.

"Baba, a share bayan nan a zuba siminti," ya ce. "Mota ta samu wuri, kai ma ka huta da sauro."

"Sauron ya kawo maka ƙara ne?"

"Baba, ciyawa ce fa."

"Na ji. A'a."

Sai ɗan ya yi dabara irin ta masu ganin tsoho ya gama yayi. Ya bari sai ranar da Baba ya tafi asibiti duba gwiwa, ya kira tifar tsakuwa. Aka yi rashin sa'a likita bai zo ba, tsohon ya dawo da hantsi. Yana shawo kwana ya ga ƙofar baya a wangale, tifa ta sa gindi ciki, tayarta ta kusa hawa furannin da suka buɗe a makon. Direban tifar ya sauka yana duba baya shi da ɗan Baba, ya bar inji yana aiki.

Ran Baba ya ɓaci, ɓacin da ya manta yana da irinsa. Ya jingine sandarsa, ya kama ƙofar tifa, ya haye da gwiwar da likita ya hana ta hawa ko matakala. Giya ta shiga, tifa ta fita sumul. Sai da ya kai ta ƙarshen layi ya kashe, ya tako a hankali, maƙwabta duk sun fito suna kallo.

Ya miƙa wa direban makulli. "Ɗana, kulochinka ya kusa cinyewa. Ka kai a duba."

"Baba, ka ba ni kunya a gaban mutane," in ji ɗan.

"Ni ka so ka ba kunya a bayan idona. Ranar da kuka kai ni makwancina, ku zuba siminti har kan rufi. Amma ina numfashi, ba mai juye wa bushiyata tsakuwa a ka."

Ya ja hannun ɗan zuwa bakin ƙofa, inda shatin taya ya tsaya dab da wani ɗan tsiro mai farin fure.

"Ka taɓa tambayar sunan wannan?"

Ɗan ya girgiza kai.

"Sunansa Inda-Aka-Haife-Ka. Ba mu ƙarasa asibiti ba, a gefen hanya ka faɗo, matan cikin bas suka kewaye uwarka da mayafansu. Ni na rasa abin yi da hannuwana, sai na tono wannan. Ita ta dasa shi a nan. Wurin yanzu gidan mai ne, ka sha shan mai a can."

Ɗan ya tsuguna yana kallon furen. Da ya miƙe, sai ya je ya sallami mai tifa.

Motar har yau a titi take kwana, rana tana dukanta. In an yi wa Baba Direba maganar, cewa yake mota dai don titi aka yi ta. Farin furen kuwa bana ya yaɗu har ya tsallaka bakin ƙofa, ɗan kuma ya koyi ɗaga ƙafa in zai shiga.