Bawa Matse da Saniyar Zurmi

Kun dai san marigayi Bawa Matse bai taɓa taɓa ɓeran kwamfuta ba. Ranar da aka kawo mashi injin a shagonshi na hanyar tashar jirgi, nan Ƙaura, ya ɗaure ɓeran cikin leda ya rataye a ƙusa. Baƙin allo kawai, yana buga umarni da yatsa biyu. Duk takardar da ya buga wa mutane sai ya matse ta cikin faifan kwamfuta don kada ta ci wuri, shi ya sa muka laƙa mashi sunan.

Ni abokinshi ne tun firamare, amma ko gaisuwa matse mani ita yake yi. In na ce, "Ina kwana, ina gajiya, ina iyali?" sai ya ce, "Duk." Shi ke nan!

Wata rana Alhaji Jae, makiyayi daga Zurmi, ya shigo hankali tashe. Saniyarshi ta kwanta, likitan dabbobi ya yi tafiya, kuma Bawa ne ya buga wa likitan bayanin magunguna bara.

"Malam, buɗe takardun likitan duka mu duba!"

"Alhaji, in kana son ganin gero, buhun kake zazzagewa? Soka shi ake yi. Faɗi kalma guda, in nemo ta a matse."

"Saniya."

Ya buga. Babu. Ashe don tsimin wuri Bawa bai taɓa rubuta "saniya" ba, "sa" yake sawa. Ya nemi "sa". Kai! Sai ga sabulu, sarki, Sani, sallama, suna ta gudu bisa allo. Ana cikin haka aka ɗauke wuta.

Alhaji ya koma gida yana huci, ya tarar da saniya tsaye tana tuƙa. Da na kai wa Bawa labari, ko murmushi bai yi ba.

"Ka gani? Da mun buɗe, da an ɗura mata magani a banza."

Da ciwon ajali ya kama shi, ni na kai shi asibiti. Likita ya ce, "Cire riga in duba ka."

"Likita, kada ka buɗe ni duka. Faɗi wuri guda."

Har likitan sai da ya dara. Da muka fito ya riƙe hannuna tamau, bai sake shi ba har ƙofar gida.

Allah ya jiƙan Bawa, ya gafarta mashi, ya raya yaran da ya bari. Mu kuma ya kyautata namu zuwan.