Ladanin da Ya Yi Tangaɗi a Sahu

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, amma abin da ya sami ladaninmu a Onitsha cikin wani watan azumi ba zai bar zuciyata ba har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Mutanenmu sun soma komowa, kuɗin mai ya buɗe kasuwa, sababbin manyan motoci sun cika tashar Upper Iweka suna lodi zuwa Arewa. Ni ne sakataren ƙungiyar 'yan kasuwarmu, duk abin da dattawa suka zartar ni nake rubutawa. Ladanin ɗan masallacinmu na bakin tasha kuwa mai sayar da albasa ne, mutum marar hayaniya, mai muryar da ko rurin injuna ba ya danne ta.

Al'adarmu ce kowa ya ajiye abin buɗe-baki a dakalin masallaci, wanda ya gani ya ɗauka ba sai ya tambaya ba. Daga baya muka san cewa ran nan wani direba ya zo alwala ya manta kwalbar lemo a wurin. Abin da ke ciki wani koren ruwa ne da ake zubawa a lagireton mota don sanyaya inji, irin wanda ya zo tare da sababbin motocin, ya juye shi a kwalba saboda gwangwanin ya huje. Ladan ya gama kiran magariba da busasshen maƙogwaro, ya ɗaga ya kwankwaɗa. Ruwan yana da zaƙi, shi ya sa bai tofar ba.

Ana cikin asham ya soma tangaɗi a sahu, ya faɗa kan na kusa da shi. Da aka sallame, shugaban ƙungiya ya dube shi ya ce, "Subhanallahi! Da ogogoro ka sha ruwa?"

Wani saurayi ya ce, "Ai ladan ya riga mu ganin watan Sallah." Aka kwashe da dariya.

Ladan, harshensa na harɗewa, ya ce, "Alhaji, lemo... wallahi lemo ne." Aka kai shi ɗakin albasa aka ja ƙofa, wai ya kwana giyar ta sake shi.

Da safe shugaba ya ce mini, "Malam Sakatare, rubuta an tuɓe shi."

Na ce, "Ranka ya daɗe, jiya na sunkuya har bakinsa, ban ji warin komai ba. Ba zan rubuta wa mutum laifin da babu wanda ya shaida ba. A je a duba shi tukuna."

Muka iske shi yana numfashi sama-sama, jikinsa na fizga, bai gane kowa ba. Muna tsaye a kansa sai ga direban nan yana tambayar wanda ya ɗauke masa ruwan lagireto. Nan take muka ɗauki ladan sai asibiti.

Likitan da muka samu Ibo ne haifaffen Kano. Ya shaida mana da Hausa tsaf cewa wannan ruwan ƙwaƙwalwa yake fara kamawa, mutum ya zama kamar mashayi ba tare da wari ba, sannan jiki ya mayar da shi dafi mai cin ƙoda da jijiyoyi. Ya ce maganin da ke hannunsa shi ne tsantsar barasa da ake sawa ta jijiya, domin ta shagaltar da hanta ta daina sarrafa gubar.

Wan ladan ya tare gado. "Jiya an ce ya sha alhali bai sha ba. Yau ku za ku ɗura masa, cikin azumi?"

Limaminmu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ceton rai ne, ɗan'uwa. Likita, sa masa. In da laifi, yana wuyana."

Ya rayu. Amma bayan kwanaki ɓarin fuskarsa ya saki, jinsa ya ragu, harshensa ya yi nauyin da bai sake warwarewa ba. Likita ya ce da tun asham aka kawo shi, da wataƙila ya tashi ras. Waɗanda suka yi dariya suka ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, amma ba ita ta ja masa ƙofa ba, mutane ne masu alwala a jikinsu, kuma ban ji ɗayansu ya je ya nemi gafararsa ba. Ya ci gaba da zuwa sahun farko, yana kallon bakin sabon ladan don ya san an tayar da salla.

Abin da na koya shi ne, in ka ga mutum ya faɗi, ka fara ɗaga shi kafin ka yanke masa hukunci. Hukunci yana iya jira har gobe, jikin ɗan Adam ba ya jira.