Dawuda da Jar Halittar Sawakin

Dawuda mutumin Gwadabawa ne, amma a unguwar Tandabawi ta Makka aka san shi, yana kai ruwa gidajen mutane da garwa biyu a sanda. Kafin ya iso Makka, shekara huɗu suka yi a Sawakin, wani gari na bakin teku, shi da matarsa Rumasa'u, suna neman jirgin da zai ƙetare da su. Aikinsa a can shi ne fasa dutsen murjani a bakin teku, wanda ake gini da shi. Nan ya fara ganin wata halitta ja wur, kamar dodon koɗi marar kwanso, ta fi tafin hannu tsawo. In an taɓa ta sai ta baza gefenta, ta yi iyo tana lanƙwasa. Ya lura soson da ke manne da dutse kawai take ci. Rumasa'u ta taɓa sa ɗaya a kasko, ta zuba mata tsaki da guntun kifi. Ta ƙi ci, kwana biyu ta mutu.

Saura wata guda su samu jirgi zazzaɓi ya ɗauke Rumasa'u. Shi kaɗai ya ƙetare.

A Makka ba wanda ya damu da labarin jar halittar. Maƙwabta sukan ce mutum ya zo har Ɗakin Allah yana zancen tsutsa, sai ya daina faɗa musu. Amma in lokacin Hajji ya zo, yakan tambayi baƙin da yake kai wa ruwa, da guntun Larabcinsa, yana zana ta da yatsa a ƙasa. Wani mutumin Yaman ya ce akwai ta a ƙasarsu, wajen Hudaida. Mutanen ƙasar Magrib suka ce ba su taɓa ganinta ba.

Bayan an gama babban yaƙin duniya, wani tsohon masunci daga tsibirin Jawa ya dubi zanen, ya yi murmushi, ya lanƙwasa hannunsa daidai yadda take iyo. Ya ɗauko soson wanka ya nuna bakinsa, wato abincinta ke nan.

"Ita ce," in ji Dawuda. "Wallahi ita ce."

Sati uku suna zama tare a ƙofar gida bayan la'asar, ba mai jin harshen wani. Da aka gama Hajji tsohon ya kama hanyar Jidda. Dawuda ya raka shi har unguwar Jarwal, ya dawo ya ɗauki garwarsa.

Ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki. Ranar da ya rasu, mutum bakwai suka kai shi maƙabartar Ma'ala, aka ba wani maɗinki ɗakinsa.